A Kai Takardar Malanta Bakin Maƙera

Tun da hukumomin Nijar suka farga cewa lakwal ba za ta mai da kowane yaro ma'aikacin gwamnati ba, maganar koyar da sana'a ta zama waƙar kowane minista. An gina cibiyoyi, an yi bukin yanke ƙyalle, an sauke kekunan ɗinki da injinan walda a gaban masu ɗaukar hoto. A zamanin mulkin Mahamadu Isufu har adadi aka yanka: ɗaliban da ke bin hanyar sana'a da fasaha, waɗanda ba su wuce kashi 8 cikin 100 ba, a kai su kashi 25 a 2015, sannan kashi 40 a 2021. Aka ƙudurta kowace ƙaramar hukuma ta samu cibiyarta ta koyon sana'a, wadda ake kira CFM, kowace gunduma kuma ta samu kwalejin fasaha, wato CET. Niyya ce mai kyau, babu mai hankalin da zai ƙi ta. Sai dai an sayi sirdi da linzami, an kafa turke, ba a tsaya tambayar inda doki yake ba. Dokin nan kuwa shi ne malamin da zai tsaya gaban yaro ya riƙe masa hannu.

A jihar Damagaram, wadda ƙidayar 2012 ta nuna ta fi kowace jiha yawan jama'a da mutum sama da miliyan uku da rabi, wannan tambaya ta wuce hirar bakin shayi. Wanda ya kalli fim ɗin da A'isha Maki ta fitar a 2021 a kan samarin unguwar Kara-Kara ya ga abin da zaman banza ke yi wa ƙarfin saurayi idan ya rasa inda zai zuba shi. Wanda kuma ya san garin ya san cewa yawancin yaran da suka kuɓuta daga wannan zama ba wata cibiya ce ta ɗauke su ba. Uwa ce ko kawu ya kama hannun yaro ya kai shi garaji, ko shagon tela, ko rumfar kafinta, ya ce wa maigida ga amana. Nan ne babbar makarantar sana'a ta ƙasar nan take, ba ta da tuta, ba ta da darekta, ba ta kuma cikin lissafin da ake karantawa a Yamai.

Mai karatu ya dubi mutum biyu da kowa ya san irinsu. Na farko saurayi ne mai CAP ko BEP, wani lokaci ma mai takardar IUT, aka ɗauke shi kwantaragi aka tura shi wata CFM. Ya iya zana inji a allo, ya san sunan kowane ƙarfe da Faransanci, amma tafin hannunsa bai taɓa yin kanta ba. Na biyu maigidan garaji ne a Zango ko Sabon Gari, ya shekara ashirin a ƙarƙashin mota, yana jin kukan inji daga nesa ya faɗi ciwonsa, ya kuma yaye yaran da yanzu kowannensu ke da nasa yaran. Makarantar allo ya yi, lakwal kuwa ko bai shiga ba ko ya bar ta tun yana ƙarami. Tsarin da ake bi ya ba na farko aji da alli da albashi. Na biyu sai ranar baje kolin sana'o'i ake tunawa da shi, a ba shi kujera a sahun baya da kwalbar lemo. Abin da ya haɗa su, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne babu ɗayansu da aka zaunar da shi aka koya masa yadda ake koyarwa.

Abin da ya wajaba a fili yake. A kafa takardar malantar sana'a wadda gwani zai samu ba tare da ya rufe shagonsa ba, da karatun yamma da na ƙarshen mako da na lokacin hutu, a yi shi da Hausa, a yi shi a Damagaram, gwamnati ta sa masa hatimi, ya ba mai shi damar koyarwa a cibiya da ɗaukar ƴan koyo bisa ƙa'ida, kuma ya dawwama ko masu ba da agaji sun naɗe tabarmarsu. Masu ƙin wannan magana kashi biyu ne, sun kuwa saɓa wa juna a komai in ban da ƙin.

Kafin a kai gare su, ya kyautu a tuna wa ƴan ofis irin ƙasar da suke magana a kanta. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, an kewaye Birni da ganuwa, an haɗa albarushi, an kuma zuba igwa a cikin garin nan, abin da ya sa maƙwabta suka riƙa shakkar Damagaram. Marigayi Andre Salifu, wanda jami'ar garin ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin wannan zamani a littafinsa na 1971. Waɗanda suka narka ƙarfen ba su da CAP. Majema da suka iya sarrafa fatar akuya da bagaruwa da toka har ta yi laushin da fatake ke ɗauka su ƙetare Sahara da ita, da dukawa masu rini da karan dafi, da maginan da suka ɗaure bakan gizo da azara suka ƙawata fuskar gidajen Birni da zane, duk sun gaji aikinsu ta hanya tsararriya. Akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Magina, akwai matakin ɗan zuga da matakin mai riƙe masaɓa da matakin wanda aka yarda ya zauna gaban uwar maƙera shi kaɗai. Wannan tsarin koyarwa ne cikakke, yana da manhaja da jarrabawa da yaye, sai dai ba a rubuce ba.

Faransawa suka ci garin a 1899, ya zama hedkwatar mulkinsu daga 1911 zuwa 1926, suka kafa lakwal don su samu tafinta da magatakarda da mai karɓar haraji. Ba laifi ba ne mai mulki ya nemi abin da yake bukata. Laifin na waɗanda suka gaji kujerar ne, da suka riƙe ma'aunin bayan mai ma'aunin ya tafi. Daga nan aka koyi cewa sani shi ne abin da aka rubuta da Faransanci aka buga wa hatimi, sauran kuwa al'ada ce, ta gidan tarihi da rawar ranar buki. Har yau uban da ɗansa ya faɗi jarrabawar BEPC yakan ce, cikin sanyin murya kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa, to sai dai a kai shi sana'a.

Kashi na farko na masu ƙi su ne masu gadin takarda. Hujjarsu ita ce malanta aiki ne mai daraja, idan aka buɗe ƙofarta ga wanda bai yi lakwal ba an zubar da ita, kuma karatun yamma rabin karatu ne. Da wannan hujja ta fito daga bakin waɗanda suka tsare darajar malanta, da sai a saurara. To amma malaman da ke karanta wannan shafi sun san abin da ya faru. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara cika azuzuwa da ƴan sa-kai, sannan da ƴan kwantaragi. A ƙarƙashin shirin shekara goma na PDDE, wanda ya fara a 2003, aka ɗebi dubban matasa, wasu da horo gajere, wasu ba horo ko na kwana ɗaya, saboda suna riƙe da takardar BEPC. Da aka yi musu jarrabawar tantancewa a watan Yulin 2017, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki, a kan tambayoyin da aka ɗauko daga karatun ƴan firamare. Ƙungiyoyin malamai sun yi tir da yadda aka gudanar da ita, suna kuma da gaskiya a wurare da dama, domin ba a jefa mutum rijiya sannan a tuhume shi da jiƙewa. Amma darasin ya tsaya daram: takardar lakwal ba ta tabbatar da sani, balle ta tabbatar da iya koyarwa. Tsarin da ya yarda ya damƙa yara sittin ga mai BEPC da ba a horar ba, da wane baki zai ce wa maƙerin da ya shekara talatin yana yaye mutane bai cancanta ba?

Maganar rabin karatu kuma ta wanda bai san lissafin shago ba ce. Magidancin da ke ciyar da mutum goma sha biyar daga garajinsa, idan aka ce ya rufe ya je ya zauna a aji shekara biyu a Yamai ko Maraɗi, an ce masa kada ya zo ke nan. Kafin ya dawo abokan cinikinsa sun koma wajen maƙwabci, yaransa sun watse, mai fili ya ba wani haya. Duk ƙa'idar da ta ce sai da cikakken zama a makaranta tana tace mutane ne ta bar waɗanda ba su da shagon da za su rufe, wato waɗanda ba su da sana'ar. Kuma karatun malanta ya fi kama jiki ga wanda ke da ƴan koyo a gabansa: abin da ya ji daren Talata ya gwada shi safiyar Laraba, ya dawo da labarin inda ya ci da inda ya ƙi.

Kashi na biyu sun fi daɗin baki, shi ya sa suka fi haɗari, kuma da yawansu suna cikin ƙungiyoyin al'adu. Su cewa suke gwani gwani ne, kakanni ba su je kwas ba, a bar maƙeri da maƙerarsa. Wannan ƙauna ce irin ta mai kallo daga inuwa. Wanda ya leƙa shaguna da idon gaskiya ya san cewa iya aiki daban, iya koyar da shi daban. Akwai yaron da zai shekara uku bai wuce sayo shayi da wankin kayan aiki ba, domin maigida ya fi bukatar ɗan aike a kan magaji. Akwai maigidan da ke juya baya idan ya zo wurin da asirin aikin yake, don kada yaro ya ƙware ya buɗe shago a gefensa. Akwai mai koyarwa da mari, wanda bai san wata hanyar gyara kuskure ba sai wadda aka bi da shi. Ana ganin yara suna walda da tabarau na kasuwa ko ba komai, su kwana suna hawaye ana ɗiga musu magani a ido. Ana ganin ƙananan yara suna wasa da ruwan batir da hannu tsirara. Dokar ƙwadago ta 2012 ta hana ɗaukar yaro aiki ko koyon sana'a kafin shekara 14, amma masu shago nawa ne aka taɓa karanta wa wannan doka da harshen da suke ji? Ga kuma ciwon da ya fi kashe sana'a a ɓoye: gwanin da bai iya fitar da kuɗin kaya da kuɗin lokaci da riba ba, ya yaye yaro da irin makantarsa, yaron ya buɗe shago ya ci uwar kuɗi cikin wata shida.

Sana'ar ma kanta ba ta tsaya inda kakanni suka bar ta ba. Motocin da ke shigowa yanzu sai an jona musu kwamfuta kafin su faɗi abin da ke damunsu. Famfon rijiya mai aiki da hasken rana ya shiga lambunan Miriya da Magarya da Matamai, idan ya tsaya sai an nemo mai gyara daga nesa. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, aikin walda mai bukatar ma'auni da shaida ya zo har ƙofar gida. Maigidan da bai sabunta saninsa ba yana koyar da jiya ne ga yaron da zai ci abinci gobe. Masu cewa a bar shi yadda yake suna so ne ya zama abin nuna wa baƙi, kamar tsohuwar takobi a bango.

Wani zai ce ai ana yi, ga tarurrukan horo da ake shirya wa masu sana'a. Gaskiya ne ana yi. Asusun FAFPA, wanda aka kafa a 2007 da sunan FAFPCA, ya ɗauki nauyin horo da dama, haka shirin PRODEC da Bankin Duniya ya tallafa tun 2013, haka ƙungiyoyin Suwizalan da Lukzambur, kuma wasu masu shago sun amfana ƙwarai. Amma kowa ya san fasalin irin wannan taro idan ya lalace: kwana biyar a ɗaki mai sanyi, jakar leda da biro, shinkafa da nama da rana, kuɗin zama a ambulan, sai takardar halarta mai tambari huɗu. Takardar halarta tana shaida cewa mutum ya zauna. Ba ta hawa da shi ko taki ɗaya a ma'aunin albashi, ba ta buɗe masa ƙofar aji, idan aka tara goma ba su zama ɗaya mai nauyi ba. Ranar da shirin ya ƙare, motocin suka koma, sai a sake jiran wani baƙo ya zo ya fara daga bismilla, sau da yawa da mutanen da suka halarci na baya, domin su ne aka sani. Ƙasa ba ta gina malamanta da rancen tukunya.

Ba sabon abu ake nema ba, wasu sun riga sun share hanya. A Jamus, jarrabawar zama babban gwani mai ikon ɗaukar ƴan koyo kashi huɗu ce, kashi na huɗu kuwa kacokan a kan koyarwa yake, kuma da yawa suna shirya mata ne da yamma bayan sun tashi aiki. Abin lura shi ne a 2003 gwamnatinsu ta dakatar da sharaɗin jarrabawar koyarwa ga masu horar da ƴan koyo a kamfanoni, don a samu ƙarin gurabe. Da aka bincika aka ga ingancin horo ya ja baya, sai aka mai da sharaɗin a 2009. Wannan amsa ce ga masu cewa gwani ba ya bukatar a koya masa malanta, daga ƙasar da ba a raina hannunta. A Ingila kuwa an daɗe ana ba kafinta da mai gyaran gashi da mai dafa abinci takardar koyar da manya ta hanyar karatun yamma, musamman ta hukumar City & Guilds. A 2007 aka wajabta ta, da matakin farko na kimanin awa talatin a aji, inda mutum zai koyar da ɗan gajeren darasi a gaban abokansa a gyara masa. Sai aka lafta wa tsarin matakai da rajista da cike-cike har ya gundure kowa, a 2013 aka janye wajabcin aka sauƙaƙa takardun. Wannan kuma gargaɗi ne ga masu gadin takarda, domin idan aka bar musu abin za su mai da shi tulin fayil.

Ba sai an je Turai ba ma. A Kaduna, tun 1976 aka kafa cibiyar malamai ta ƙasa, NTI, don malamin da ke cikin aji ya ɗaga takardarsa da karatun ƙarshen mako da na hutu ba tare da ya bar ɗalibansa ba. An yi ta ƙorafi a kan ingancin wasu cibiyoyinta, ƙorafin kuma ba na banza ba ne, amma malamai masu ɗimbin yawa a ƙauyukan Kano da Katsina da ita suka tsaya da ƙafafunsu. A Benin, tun 2005 gwamnati ta amince da koyon da ake yi a shago, ta kafa masa takardu biyu, CQP da CQM, inda ɗan koyon da ke neman CQP ke yin yawancin mako wajen maigidansa ya je cibiya ya ƙaro abin da shago ba ya bayarwa. A nan gida ma dokar 2015 a kan ilimin sana'a da fasaha ta shimfiɗa tabarmar da za a zauna a kai. Abin da ya rage shi ne a daina ɗaukar maigidan shago a matsayin mai ba da aron rumfa, a ɗauke shi malami.

Sai maganar harshe, inda rigimar gaskiya take. Da wane harshe ake gyaran babur a Damagaram? Da wane harshe tela ke nuna wa yarinya yadda ake yanka wuyan riga? Hatta a cibiyoyin gwamnati, malami yakan rubuta darasi a allo da Faransanci, yara su kwafa kamar masu zanen laya, sannan ya juya ya yi bayanin da Hausa don a gane. Ana koyarwa da harshe ɗaya, ana jarrabawa da wani, sai a ce yaro ya kasa. Abin takaicin shi ne garin nan ne ya fara nuna wa ƙasa mafita: a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Damagaram, jingine da makarantar horon malamai. Dokar LOSEN ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a koyarwa. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ya zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Idan wannan mataki ba na jawabi kaɗai ba ne, ga wurin da ya fi sauƙin gwada shi, domin malaman suna jin harshen, ɗaliban suna ji, kalmomin aikin ma suna nan, daga zugazugi da awartaki har zuwa waɗanda makanikai suka aro suka lanƙwasa. Yankunan da Barebari da Fulani da Buzaye suka fi yawa, kamar Gure da Tanut, a yi musu da nasu harshen inda aka samu masu koyarwa, hujjar ɗaya ce.

Wanda bai iya boko ba fa? Da yawa daga cikin waɗanda ake kira jahilai a takardun hukuma suna rubuta sunayen masu bashi da ma'aunin riga da ajami a littafin shago. A karɓi ajami. Wanda bai da ko ɗaya, a haɗa masa da yaƙi da jahilci a shekarar farko, abin da zai amfane shi ko bai ci jarrabawa ba. Ita jarrabawar kuwa kada ta zama ta cika takarda. A kawo masa yaron da bai taɓa gani ba, a ba shi aiki guda, misali ɗaura zik ko gyaran birki ko haɗa kusurwar taga, a zauna a ga yadda zai rarraba aikin gaɓa-gaɓa, yadda zai nuna, yadda zai bar yaron ya gwada, abin da zai yi idan yaron ya ɓata, da ko ya tuna da kare ido da yatsu. Alƙalan su zama uku: malamin horon malamai, da jami'in ma'aikata, da dattijon sana'ar da takwarorinsa suka yarda da shi. Mai takardar jami'a da yawa zai yi gumi a wannan zama.

Wurin yi ba ya wuya. Azuzuwan makarantar horon malamai ta Askiya Muhammadu suna zaman banza da dare da kuma dogon hutu, ga malamanta da suka san dabarun koyarwa, ga jami'a kusa. Masu shagon cikin gari a ba su dare biyu a mako. Na ƙauye, waɗanda damina ke mayar da su gona, a bi su da rani a manyan garuruwan gundumomi, a kauce wa ranar kasuwa. Kuɗin kuwa akwai harajin koyon sana'a da kamfanoni ke biya, an kuma ƙirƙire shi ne don irin wannan aiki. Ƙungiyar masu sana'ar hannu ta ƙasa da majalisarsu ta CMANI su tantance wanda ya cika shekarun aiki, sarakunan sana'a na fada su sa baki, domin su suka san wanda ya iya da wanda ke da baki kawai. Haɗarin da ke nan sananne ne, a mai da jerin sunaye abin rabo tsakanin ƴan siyasa da ƴan uwa. Maganinsa a yi jarrabawar a bainar jama'a, a filin shago, inda kowane ɗan koyo zai ga wanda ya kasa kunna injin.

Saurayin nan mai CAP ma ba a yar da shi ba. Hanyar tana da ɓangare biyu: shi a tura shi shago, kwana biyu a mako, ya sa rigar aiki ya zauna ƙarƙashin maigida har hannunsa ya faɗa, a lissafa masa wannan cikin takardarsa. Zai ji nauyi a ranar farko da za a ce ya miƙo sifana mai lamba goma sha uku ya tsaya dube-dube, amma ɗalibansa ne za su ci ribar wannan kunya. Shi kuma yana da abin da zai biya da shi, domin ya iya karanta zanen waya da littafin inji, abin da maigida ke bukata.

Mata kuwa an fi cutarsu a tsarin yanzu. Matan Miriya da ke gina tulu da randa da yumɓu, da masu tuyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa, da masu saƙar tabarma da faifai, da telolin cikin gida da ke da ƴan mata biyar ko shida a tsakar gida kullum, duk malamai ne da babu rajistar da ta san da su. Su ne kuma waɗanda ba za su taɓa iya barin gida shekara biyu ba. Karatu na ƴan awoyi da hantsi, a unguwa, da mace mai koyarwa, shi ne kaɗai ƙofar da za ta buɗu gare su, shi ne kuma zai sa uba ya yarda ƴarsa ta je koyo wajen wadda hukuma ta shaida.

Ƙungiyoyin malamai za su ji tsoron a shigo musu da masu karɓar ƙaramin albashi a karya musu farashi, tsoron kuma yana da tushe, domin da haka aka yi musu da kwantaragi. Amsar ita ce su shiga maganar tun yanzu, su nemi a rubuta matsayin wannan takarda da ladan awa a cikin doka, maimakon su tsaya bakin ƙofa da sanda. Su suka fi kowa sanin abin da tarurrukan CAPED ke yi wa sabon malami idan an gudanar da su da gaske, da yadda suke mutuwa idan kuɗi ya yanke. Ƙungiyoyin al'adu kuma aikinsu ya wuce shirya rawa. Su ne ya kamata su zauna da maƙera da majema da makanikai su tattara kalmomin kowace sana'a a rubuce, domin ba za a yi manhaja da Hausa ba sai da ƙamus ɗin aiki, kuma babu wani ƙwararre daga waje da zai yi musu shi.

Tun 2006 tsohon Birni da fadar Sarkin Damagaram suke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. Gidajen da ake taƙama da su na ƙasa ne, kowace damina tana cin rabonta, kuma ba a gyara su da siminti sai a ƙara lalata su. Maginan da suka san yadda ake kwaɓa ƙasa ta kwana, da yadda ake jera azara a ɗaure baka, da yadda ake fitar da zane a bango tun yaɓe bai bushe ba, tsufa yana cim musu, ƴaƴansu da yawa sun koma bulo da kwano ko tuƙin babur. Sashen gini na cibiyoyin koyon sana'a bulo yake koyarwa. Daga ƙofar fada zuwa makarantar Askiya Muhammadu tafiya ce ta cikin gari, dattijo zai iya zuwa bayan la'asar ya dawo kafin isha'i.